Ranar da Na Mayar da Habi Gefen Fili

Kun sha tambayata abin da ya sa Goggonku Habi take ɗingishi idan damina ta kankama, ni kuma na sha ce muku tsohon ciwo ne. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi komai ba. Da 'yar'uwarku Amira ta dawo daga sunan nan na garin Malam Madori ta kasa haɗa ido da ni, na gane wata ta riga ni ba ta labarin, kuma irin wanda aka daɗe ana yawo da shi ta ba ta: wai ni na nakasa Habi don in ci gurbinta. To, ga yadda abin ya faru, gwargwadon abin da na riƙe. Inda nake da laifi ba zan rage ba.

Ni da Habi ba cikinmu ɗaya ba. Kakanku malamin dabbobi ne, shi yake yi wa shanun mahaifinta allura, har abota ta ƙullu tsakaninsu. Su Fulani ne da suka daɗe da zama a hayin kogi, suna noma suna kiwo. Da ta ci jarrabawar shiga sakandaren 'yan mata ta cikin gari, mahaifin nata, Baffa Jauro, ya kawo ta gidanmu da akwatin ƙarfe da kwalbar man shanu, ya ce wa Baba ga 'yarka nan. Tun daga ranar ɗakinmu ɗaya, ajinmu ɗaya. Ta girme ni da shekara guda, don haka Adda nake ce mata. Ita kuwa Zulai mai kallon sama take kirana, saboda in Umma ta aike ni sayen gishiri sai a tarar da ni a bakin kududdufi ina kallon balbelu, ina haɗa baiti a raina, gishirin yana narkewa a tafin hannuna.

Ƙwallo ta shigo makarantarmu ne a hannun Malama Rifkatu, wata gajeriyar mata 'yar Filato da aka turo mana ta koyar da motsa jiki. Shugabar makaranta ta yarda bisa sharaɗin dogon wando da ɗankwali, kuma a cikin katanga. Ranar farko mun zaci gudu za ta sa mu yi. Sai ta zaunar da mu a inuwar tsamiya, tana kiran mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda.

"Ke, wane aiki kike yi a gida?"

"Daka, Malama," in ji Yagana. "Gidanmu babba ne."

"Juya in ga bayanki. To, ke baya za ki tsaya. Duk wadda ta taho da ƙwallo, ki ɗauka turmi ce."

Laraba, 'yar kudancin Kaduna, doguwa mai manyan hannuwa, ta ce mamarta kankana take sayarwa, kuma ita take cafewa idan ana jefowa daga kan mota.

"Kin taɓa yarwa?"

"Sau ɗaya, Malama."

"Sai aka yi yaya?"

"Ban sake ba."

"Ke ce mai tsaron raga."

Da aka zo kan Habi, ta ce tun tana shekara bakwai take bin Innarta da ƙwaryar nono daga ruga zuwa kasuwa, su koma da yamma. Malama ta tambaye ta sau nawa suke hutawa a hanya. Habi ta ce ba a hutawa, in rana ta taɓa nono ya lalace. Malama ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce tsakiya. Ni kuwa da aka tambaye ni sai na sunkuyar da kai, don ban ga aikin kirkin da nake yi ba. Habi ce ta amsa a madadina.

"Korar tsuntsaye take yi a gonar shinkafar kakarta, Malama. Za ki ga ta zauna kamar an manta da ita. Jan-baki suna sauka sai ta tashi kamar an harba ta."

"Lamba bakwai," in ji Malama. "Gefen dama. Can za ki samu sararin kallon samanki."

A lokacin mun ɗauka wasa take yi da mu. Sai a hankali muka gane cewa ƙwallo ɗaya ce a fili, amma kowane wuri da irin gajiyarsa. Laraba takan wuni tsaye jikinta ya yi sanyi, sannan a buƙaci ta jefa kanta ƙasa cikin ƙiftawar ido, kullum ƙugunta da gwiwar hannunta a kumbure. Su Yagana wuya da kafaɗa suke kuka da su, saboda tsalle da karo da sa kai. Mu 'yan gefe gudunmu gajere ne amma mai zafi: ki fizga da duk ƙarfinki, ki tsaya cak, ki juya, ki ɗan numfasa, ki sake. Malama takan ajiye mana dutse biyu mu yi ta fizga tsakaninsu, kuma ba ta barin mu taɓa ƙwallo sai mun daɗe muna miƙe naman bayan cinya, tana cewa nan ne ran ɗan gefe yake. Habi ba ta cikin wannan. Ita zagaye fili take yi, ba sauri ba tsayawa, har mu gama namu mu sha ruwa tana nan tana zagayawa. A cikin wasa ba ka ganin ta tsere wa kowa, amma duk inda ƙwallo ta faɗi sai ka tarar ta riga ta isa. In mun koma gida, ita ta riƙe ƙirji ni na riƙe cinya, Kaka ta dube mu daga kan tabarmarta, ta ɗaga murya ta kira Umma.

"Wai kuma duk wasa ɗaya suka yi. Ke Hajara, ɗora musu ruwan zafi, ma'aikata sun dawo."

Shekarar da aka ba mu jiha muna ajin ƙarshe. Bayan damina, shinkafa ta fara nuna a fadama, sai labari ya zo cewa za a haɗa 'yan wasan mata na sabuwar jiha, kuma baƙi za su zo su kalli wasanmu da wata makaranta su ɗauki mutum biyu. Waɗanda aka ɗauka za su tafi horo a hutun Disamba, kuma an ce za a sama musu gurbi a kwalejin malamai, sashen motsa jiki. Ni wannan bai dame ni ba, Baba ya riga ya ce zan ci gaba da karatu ko ta yaya. Habi ce ba ta da wata ƙofa sai wannan. Baffa Jauro ya cika alkawarinsa na sakandare, bayan nan kuwa mahaifiyarta Inna Dije tana jiranta, don bayanta ya fara gazawa da ɗaukar ƙwarya. Habi ba mai yawan magana ba ce, amma ta taɓa ce mini, muna wanki, tana so wata rana ita ma ta rataya usur a wuya ta zaunar da yara a inuwa ta tambaye su aikin gidansu.

Saura kwana uku aka aiko wa Malama cewa mahaifinta ya rasu. Kafin ta hau mota ta kira ni, don ni ce kyaftin, ba don na fi kowa iyawa ba sai don ba na faɗa da kowa. Ta ba ni takarda da sunan kowa da wurinta. Idanunta sun yi ja, amma sai da ta riƙe hannuna ta ce, "Zulai, yadda na rubuta." An bar mu a hannun malamin lissafi, mutumin kirki da bai san bambancin lamba bakwai da lamba goma ba.

Ga abin da ya shiga kaina. Na ga an kafa rumfar baƙi a gefen dama, daidai layin da nake gudu. Na kuma daɗe ina lura cewa 'yan kallo ɗan gefe suke yi wa tafi. In na fizga na wuce mutum biyu sai filin ya ɗauki sowa, alhali Habi ce ta ƙwato ƙwallon, ita ta ba ni, ita ce kuma za ta koma ta tare in na zubar. Ba wanda yake ganinta. Na yi ta tunanin baƙin nan za su zauna minti casa'in su tashi ba su san da ita a filin ba. A raina na tsara abin kamar waƙa: in bar mata gefena, ta wuce ta gaban rumfa, su ga ƙafarta. Na ce wadda take tafiyar wuni da kaya a ka, gudun taku talatin me zai yi mata? Da safe muna hanyar makaranta na gaya mata.

"Adda, yau ke za ki buga bakwai. Ni zan shiga tsakiya."

"Malama ce ta ce?"

"Ni na ce. Rumfarsu a can take."

Ta yi 'yar dariya. "Ke da ko tulu ba kya kaiwa ƙofar gida sai kin sauke, ke ce za ki riƙe tsakiya?"

"Rabin lokaci kawai. Su gan ki."

Muka ci gaba da tafiya har muka wuce masu kifi. Sannan ta ce, "Zulai, ƙafata ba ta san wannan gudun ba."

Na ji ta sarai. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe. Ta faɗa mini, na ji, amma waƙar da na tsara ta fi mini daɗi. Na yi ta roƙonta har ta ce to, don ba ta taɓa iya hana ni abu ba.

Minti goma da fara wasa na san na yi kuskure a kaina. A gefe akwai lokacin da ƙwallo take can nesa, ki tsaya ki ja iska ki ga shirwa tana shawagi. A tsakiya babu sama. Ki je gaba, ki dawo baya, ki tare nan, a kira ki can, kafin ki juyo an wuce ki. Ƙirjina ya ɗauki wuta, bakina ya bushe, na fara jin ɗanɗanon ƙarfe a harshena. Yagana tana ta yi mini tsawa daga baya, "Kyaftin, wurin nan fa ba gonar kakarki ba ce." Habi kuwa tana yin abin da na roƙe ta. Ta fizga sau ɗaya ta wuce, aka yi tafi. Ta sake, aka yi tafi, na ga ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuya yana rubutu. Zuciyata ta yi fari duk da wahalar da nake sha. Ban tuna cewa ba ta taɓa tsayawa tsakanin duwatsun nan biyu ba, ban kuma tuna ban sa ta ta miƙe cinya kafin a fara ba. A karo na biyar ko na shida ni da kaina na tura mata ƙwallon, na kuma tura ta da nisa. Ta miƙa ƙafa da duk ƙarfinta. Sai na ga ta yi tsalle ɗaya kamar wadda ta taka ƙaya, ta kai hannu bayan cinyarta, ta faɗi daidai gaban rumfar. Ba ta yi kuka ba. Daga baya ta ce mini ji ta yi kamar an tsinka igiyar guga a cikin naman.

Aka ɗauke ta. Malamin lissafi ya duba takardar Malama, ya ga ba haka aka rubuta ba, ya ce kowa ta koma wurinta. Na koma gefen dama ina hawaye. Ban san me ya shiga jikina ba, haushin kaina ne ko neman in gudu daga filin gaba ɗaya, amma ban taɓa gudu irin na ranar ba, kuma ban sake ba. Sau biyu na kai ƙwallo gaban raga aka ci. Da aka tashi, baƙin suka kira suna biyu, Laraba da ni. Daga nan maganar da Amira ta ji ta samo asali. Wanda ya tsaya a bakin fili ya ga abin da ya faru, ban ga laifinsa ba in ya fassara shi haka.

A gida Kaka ta sa aka kira mai ɗori. Ya kama ƙafar ya fara ja, Habi ta ciji gefen zane. Ana cikin haka Baba ya shigo daga aiki, ya duba inda jini ya kwanta baƙi ƙirin tun daga cinya har bayan gwiwa.

"Malam, dakata. Wannan ba karaya ba ce, nama ne ya yage. Ja ƙara shi yake yi."

"Yanzu kai ɗan mutum za ka haɗa da saniya?" in ji Kaka.

"Iya, naman dai iri ɗaya Allah Ya yi mana."

Ya kai ta asibiti a bayan babur. Aka ce wata uku ba gudu ba kaya, kuma ko ya warke ba lalle ya koma kamar da ba. Baffa Jauro ya zo washegari, ya zauna a zaure, ya ce ƙaddara ce. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Malama ta dawo bayan mako biyu. Na same ta a inuwar tsamiya na faɗa mata komai, har da maganar da Habi ta yi mini a hanya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kin zaci baƙin nan ba su san ƙwallo ba? Ɗan kallo ne yake bin mai gudu. Su tsakiya suke fara dubawa. Na riga na rubuta musu sunanta tun kafin in tafi, na ce su sa ido a kan lamba takwas."

Na zauna a ƙasa.

"Yanzu sai ki tafi horon," ta ce. "Zamanki ba zai ɗinke mata nama ba."

Ban tafi ba. Da hutu ya zo na ce wa Baba hayin kogi zan je in ɗaukar wa Inna Dije ƙwarya, tunda ni na karya mata mai ɗauka. Umma ta ce me mutane za su ce, 'yar ma'aikaci da tallar nono. Baba ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce wannan karon dai kin tambayi wani kafin ki yanke? Na ce a'a. Ya ce to, ki je, wataƙila hanyar ta koya miki.

Sati huɗu na yi. Mukan tashi da asuba, Inna Dije a gaba da 'yar ƙaramar ƙwarya, ni a baya da babbar. Mu bi ta kan kunyoyin shinkafar da aka girbe, mu tsallaka inda ruwa ya janye ya bar laka mai sanyi, mu jira mai fito, sannan mu hau doguwar hanyar gari. Gammo ya cinye mini gashin tsakiyar kai. Wuyana ya ƙage har sai na juya da duk jikina in an kira ni. Mai ƙwarya a ka ba ta ɗaga ido, don haka wata guda ban ga balbela a sama ba, sai inuwarsu a kan ruwa. A hanyar nan na san abin da ke cikin ƙafar Habi: shekara goma na tafiya marar sauri marar tsayawa, wadda aka gina taku bayan taku. Na ɗauki wannan dukiya na kashe ta a gudun minti ashirin don in burge rumfa.

Na zaci Habi za ta ji daɗin abin da na yi. Ranar da motar horo ta tashi da Laraba da wata da aka sa a gurbina, na dawo daga kasuwa na tarar da ita zaune a ƙofar bukka, ƙafar a miƙe.

"An tafi?"

"An tafi, Adda."

"Wa ya ce ki zauna?"

"Ba kowa."

"Haka ranar ma ba kowa." Ta kau da kai. "Da kin je, da na ce ƙafata ta sayi wani abu. Yanzu kin zubar da nawa kin zubar da naki, kin zo kina zubar wa Inna da nono."

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku, da na sauke ƙwarya, ta ce in zo in zauna. Ta shafa man shanu a hannu ta fara murza mini wuya, tana cewa ba haka ake naɗa gammo ba, mai kallon sama, kawo in nuna miki.

Ba ta sake buga ƙwallo ba. Bayan mun gama makaranta ta koma ɗaukar ƙwarya, tana ɗingishi, har shekara shida, kafin Malama Rifkatu da Baba su samo mata hanyar karatun malanta na hutu. Usur ɗin da kuke gani a wuyanta a firamaren nan ta wajen Kaugama, ta same shi, amma a makare, kuma daga tsaye take busa shi. Shekarun nan shida ni na ci mata su. Ba hassada ba ce, wannan kam ku gaya wa duk wadda ta sake tare ku da zancen. Amma kada ku ce ba ni da laifi. Ina ƙaunarta ne har na daina jin abin da take faɗa.

Kafin in ba ku wannan labarin da na rubuta sai da na je na karanta mata shi. Ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa a faifai. Ta ce na rubuta da kyau, sai dai na manta ban sa cewa ranar farko rabin nonon a rigata ya ƙare ba. Na ce zan sa. Amira ce ta raka ni, tana zaune a gefe. Da za mu tashi ta matso, ta ce a makarantarsu an fara ƙwallon mata, kuma ba ta san wurin da za ta zaɓa ba. Ni ta kalla. Na buɗe baki, don na riga na hango ta a gefen dama iska tana kaɗa ɗankwalinta, sai na rufe. Na nuna mata Goggonta.

Habi ta ajiye faifan, ta gyara ƙafar nan da hannu biyu, ta jawo tabarma kusa da ita.

"Zauna nan, 'yata. Wane aiki kike yi a gida?"